Laifin Bututu Ne Ko Na Hannu? Lacca Kan Saitin Ƙaramar Bindiga



  Batun da aka ɗora mini shi ne gyaran bututun ƙaramar bindiga, wadda wasu ke kira fistol, da dangantakar wannan gyara da iya saiti. Tambayar da ke ƙarƙashin batun gajeriya ce: idan maharbi ya ɗaga hannu ya harba, harsashi ya kauce wa inda ya nufa, laifin wa ne? Na ƙarfe, ko na hannun da ke riƙe da ƙarfen? A Amurka, inda doka ta ba mutane da yawa damar mallakar irin wannan bindiga, akwai kasuwa sukutum da ta tsaya a kan amsa ta farko. Kamfanoni suna sayar da bututu na musamman, wani an ƙara masa tsawo, wani an huda shi ta sama, wani an goge cikinsa kamar madubi, kuma kowanne da alkawarin cewa harbinka zai gyaru. Ni a kan amsa ta biyu na tsaya. Bututu yana da rabonsa, zan kuma ba shi rabon nasa cikakke, amma babban kaso na kuskure daga mutum yake fitowa. Yawancin hujjojina daga filin gasa zan ɗebo su, domin a can ne ake auna harbi da ma'auni, a rubuta, a adana shekara da shekaru. Kuma in faɗa tun yanzu, wannan zama na fahimta ne, ba za a koyar da ƙira ko gyaran makami a cikinsa ba, dalilin hakan kuma zai zo a ƙarshe.

Na farko, mu san aikin da bututu yake yi.

Idan aka cire bututun bindigar zamani, abin da maharbanmu ke kira hancin bindiga, aka ɗaga shi wajen haske, za a ga wasu tsage-tsage a cikinsa suna tafiya a murɗe daga gindi har baki. Waɗannan tsage-tsage su ne ke cizon harsashi su tilasta masa juyawa yayin da yake wucewa. Me ya sa ake son ya juya? Ku tuna mazarin kaɗi a hannun tsohuwa, ko katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. Muddin tana juyi da sauri, a tsaye take cak, da juyin ya ragu sai ta fara tangaɗi ta faɗi. Haka harsashi yake a iska: juyi ne ke hana shi tuntsurawa, ya sa kansa ya ci gaba da fuskantar gaba. Maƙeran ƙasashen Jamusawa sun gano wannan dabara tun wajejen ƙarni na 16, sai dai ta daɗe ba ta yaɗu a fagen yaƙi ba, domin ɗura harsashi matsattse ta bakin bututu mai tsaga aiki ne mai cin lokaci. Sai a 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashin da ke shiga a sake, ya kumbura idan albarushi ya tashi, ya kama tsagar da kansa. Bindigar toka da muka sani a hannun mafarauta da 'yan bindigar hawan salla ba ta da wannan tsaga, cikinta sumul yake, shi ya sa mafarauci ke lallaɓawa ya matso kusa da nama kafin ya saki.

Ga misali da adadi. Bindigar Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera, sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980, tsawon bututunta milimita 114 ne, tsagarta kuma tana cika juyi ɗaya a kowane santimita 25. Harsashinta mai kaurin milimita 9, wanda nauyinsa ke wajen giram 8, yana fita da gudun da ya kai mita 350 zuwa sama a sakan ɗaya. Ku raba wannan da wancan, za ku ga yana juyawa sau 1,400 ko fiye a kowane sakan. Zamansa a cikin bututun kuwa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. A cikin wannan ɗan ƙiftawa bututu ke gama duk aikinsa: ya riƙe ƙarfin albarushi, ya ba harsashi juyi, ya sake shi ta baki madaidaici. Ingantaccen bututu shi ne wanda ke yin waɗannan abubuwa uku iri ɗaya a kowane harbi. Iyakar alkawarinsa ke nan. Inda bakinsa ke kallo a wannan ƙiftawar kuwa, ba shi ke zaɓa ba.

Na biyu, abin da ake nufi da gyaran bututu, da abin da ake biya a kansa.

A nan dole mu ambaci John Moses Browning, wanda aka haifa a Ogden ta jihar Utah a 1855, ya rasu a Beljiyam a 1926. Shi ya tsara bindigar da sojojin Amurka suka karɓa a watan Maris na 1911, ake kiranta da sunan shekarar, suka kuma riƙe ta a matsayin babbar ƙaramar bindigarsu har 1985, lokacin da Beretta ta maye gurbinta. Tsarinsa ne galibin ƙananan bindigogin soja da na 'yan sanda ke bi har yau, kuma akwai wani abu a cikinsa da mutane da yawa ba su sani ba: bututun ba a kafe yake ba, motsi yake yi. Idan aka harba, bututu da marfin sama suna ja da baya tare na ɗan taƙi, sai gindin bututun ya sunkuya ya saki marfin, marfin ya wuce ya tofar da kwanso, ya dawo ya ɗauko sabon harsashi, bututu ya koma mazauninsa. Ma'aunan saiti guda biyu, na gaba da na baya, a kan marfin suke. Ke nan ido yana bin marfi, harsashi yana bin bututu, kuma su biyun sukan rabu su sake haɗuwa a kowane harbi. Idan bututu bai koma daidai inda ya baro ba, ko da da kaurin gashi ne, harbi na biyu ba zai bi sawun na farko ba.

To me ya hana Browning matse su gam? Saboda bindigar yaƙi ya ƙera. Ya bar 'yar rata tsakanin sassan da gangan, domin yashi da laka da tokar albarushi su sami inda za su fake ba tare da sun cije bindigar ba. A gwajin da aka yi kafin a karɓe ta, an harba harsashi 6,000 da bindiga guda cikin kwana biyu, idan ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Bayan shekaru, da 'yan gasa suka so su ci maki da ita a gasar ƙasa ta Camp Perry da ke jihar Ohayo, wadda ake yi a can tun 1907, sai maƙera suka shiga rage wannan rata. Rundunar gwanayen harbi ta sojan Amurka, wadda aka kafa a Fort Benning a 1956 zamanin Shugaba Eisenhower, ta yi suna da wannan aiki. Ƙwararrun maƙeranta kan zauna da bututu guda suna daidaita shi da hannu har ya zauna daram, bindigar ta iya zuba harsasanta duka a cikin da'irar maki goma, mai faɗin kusan santimita 8 da rabi, daga nisan yadi 50. Wannan gyara na gaskiya ne, ba wanda zai musa. Amma ku lura da cinikin: abin da aka ƙara wa saiti, daga juriya aka cire shi. Bindigar da aka matse tana son tsabta, tana zaɓen harsashi, kuma ƙura kaɗan na iya tsayar da ita. Ɗan gasa zai iya jure wannan, domin idan ta cije sai ya ɗaga hannu alƙali ya zo. Ɗan sandan da ke tsaye gaban ɗan fashi wa zai ɗaga wa hannu?

Na uku, lissafi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Akwai wata na'ura da masu gwaji ke amfani da ita, ana kiranta Ransom Rest. Ana ɗaure bindiga a cikinta, a ja kunama da ɗan ƙarfe, hannun mutum bai taɓa ba. Bindigar aiki mai lafiya, kamar yadda ta fito daga kamfani, idan aka harba ta haka daga mita 25, yawanci tafin hannu zai rufe ramukan da ta yi. A sa mata bututu na musamman da aka daidaita da kyau, ramukan su ƙara matsuwa da 'yan santimita. Wannan shi ne ribar da ake saye da kuɗi. Yanzu mu auna asarar da hannu ke jawowa. Tsakanin ma'aunin gaba da na baya a kan Glock 17 akwai kimanin milimita 165. Idan ma'aunin gaba ya goce da milimita ɗaya tak, wato abin da ya ɗan ɗara kaurin katin cirar kuɗi a banki, to a mita 25 harsashi zai goce da kusan santimita 15. Ku raba 25,000 da 165, lissafin ɗan firamare ne. Milimita ɗaya a hannu ya cinye duk ribar bututun, ya ninka ta sau da yawa. Wane ne a cikinmu zai miƙa hannunsa ɗauke da ƙarfe mai kusan kilo ɗaya, ya rantse bai motsa da milimita ɗaya ba? Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai kunama. Wannan bindigar, cike da harsasai, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, amma kafin kunamarta ta saki sai yatsa ya danna da ƙarfin da ya kai kilo biyu da rabi ko kusa da haka. Wato ana so yatsa guda ya matsa da ƙarfin da ya kusa ninka nauyin bindigar sau uku, sauran yatsu huɗu da wuyan hannu kuma kada su ko motsa. Allah bai halicci hannu a kan haka ba, yatsu tare suka saba damƙa, sai an koya musu rabuwa. Rundunar 'yan sandan birnin New York ta shafe shekaru tana ba jami'anta bindigogi masu kunama mai nauyin fam 12, fiye da kilo biyar, don gudun harbin kuskure. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kacal na harsasan jami'an suka sami wanda aka nufa. A 2021 rundunar ta fara ba sababbin ɗauka kunama mai sauƙi, bayan gwajinta ya nuna makinsu ya ƙaru da ita. Ba na cewa kunama kaɗai ta jawo wancan kashi 18, akwai duhu da gudu da tsoro. Abin lura shi ne, da suka tashi gyara, inda yatsa ke taɓawa suka nufa, bututun suka bar shi yadda yake.

Akwai kuma abin da ya fi kunama wuyar magani, shi ne zabura. Jiki ya san ƙara na zuwa, ya san bindiga za ta yi shuri, sai ya riga ta: kafaɗa ta ɗaure, ido ya ƙifta, hannu ya danna ƙasa kafin harsashi ya fita. Maharbin ba ya jin ya yi haka, domin shurin ya rufe motsin. Masu horarwa suna da hanyar nuna masa. Sukan cusa harsashin bogi, marar albarushi, a tsakiyar na gaske ba tare da ya san wurinsa ba. Ya harba na farko, ya harba na biyu, da ya zo kan na bogin sai a ji ƙas, ba ƙara ba hayaƙi, amma kowa a wurin ya ga bakin bindigar ya yi sujada ƙasa. Shi kansa sai ya tsaya yana kallon hannunsa. Wane bututu ne a duniya zai gyara wannan?

Na huɗu, shaidar filin gasa, inda nake so mu ɗan daɗe.

Harbi da ƙaramar bindiga yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a Atens a 1896, inda wa da ƙani 'yan Amurka, John da Sumner Paine, kowannensu ya lashe gasa guda. Mu ɗauki gasar bindigar iska ta mita 10 ta yau. Harsashinta ɗan ƙaramin dalma ne mai kaurin milimita 4.5, doka ta ce kunama kada ta gaza giram 500, bindiga kada ta wuce kilo ɗaya da rabi, a tsaye ake harbi da hannu ɗaya ba jingina, harbi 60, cikakken maki 600. Da'irar maki goma faɗinta milimita 11.5 ne. Bututun irin wannan bindiga a kafe yake, kuma idan aka ɗaure ta a maƙata, harsasai goma kusan rami ɗaya za su bi. Ma'ana, bindigar da ke hannun kowane ɗan gasa na duniya tana iya cin 600. A cikin ɗaki ake yi, ba iska ba ruwa. Duk da haka bajintar duniya ta maza da Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa a 2009 maki 594 ce. Ina shidan suka tafi? Tazarar ma'aunan wannan bindiga wajen santimita 35 ce, saboda haka gocewar kashi biyu cikin goma na milimita, kaurin fallen takarda biyu, ta isa ta kai harsashi bakin da'irar goma. Bugun zuciya kaɗai ya isa ya yi wannan.

Gasar mita 50, wadda aka cire daga Olamfik bayan wasannin Rio na 2016, ta fi ba da darasi, domin a cikinta doka ta sakar wa maƙera mara: kunama komai sauƙinta, mariƙi a sassaƙa shi daidai tafin mai shi, bututu yadda aka ga dama. A wasannin Mosko na 1980 Aleksandr Melentyev na Tarayyar Sobiyet ya ci 581. Wannan adadi ya zauna shekara 34 ba wanda ya taɓa shi, sai a 2014 a birnin Granada na Sifaniya Jin Jong-oh ya ci 583. Ku dubi abin da ya faru da sana'ar ƙarfe a waɗannan shekaru: injinan da kwamfuta ke sarrafawa suka shigo, awo ya ƙara tsananta, harsasai suka ƙara daidaituwa. Duk wannan ci gaba, maki biyu. Da a bututu matsalar take, da bajintar 1980 ba ta ga 1990 ba.

Sai labarin Károly Takács, sajan a sojan Hungari, gwanin harbi da hannun dama. A 1938 gurneti ya fashe a hannun nasa lokacin atisaye, ya lalata shi. Mutumin nan ya koma ya koya wa hannun hagu daga farko, a ɓoye, har ya dawo fili. A Landan a 1948 ya ci zinare a harbin sauri na mita 25, ya sake ci a Helsinki a 1952. Wannan labari yana gaya mana cewa ko hannun ma ɗan aike ne. Gwanintar tana zaune a ido da ƙwaƙwalwa da haƙurin maimaitawa, yau da gobe da ke sa allura ginin rijiya. Masu maguɗi ma sun ba da irin wannan shaida ba da son ransu ba. Ɗan wasa na farko da aka kora daga Olamfik saboda shan abin da aka haramta shi ne Hans-Gunnar Liljenwall na Suwidin, a Meziko a 1968, wanda ya sha giya don jikinsa ya kwanta kafin harbin ƙaramar bindiga. Shekara 40 bayan haka, a Beijin a 2008, aka ƙwace azurfa da tagulla daga Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an sami maganin propranolol a jikinsa, maganin da ke rage bugun zuciya da rawar hannu. Mutanen da suka yarda su sayar da mutuncinsu don maki sun san inda makin ke zuba, kuma dukansu jikinsu suka nufa. A Faris kuwa, a 2024, duniya ta ga Yusuf Dikeç na Turkiyya, mai shekara 51, hannu ɗaya a aljihu, tabarau na yau da kullum a ido, ya ci azurfa tare da Şevval İlayda Tarhan. Bindigarsa ta gasa ce mai tsada kamar ta kowa a layin, kada a yi kuskure a nan. Abin da ya bambanta shi, Olamfik ɗinsa na biyar ke nan.

Na biyar, masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja.

Za su ce: idan kayan aiki ba su da tasiri, me ya sa hukumar harbi ta duniya ta hana wasu? Tambaya ce mai nauyi. Kafin 2005, 'yan harbin sauri na mita 25, waɗanda ke harbin allo biyar cikin sakan takwas, sannan shida, sannan huɗu, suna amfani da ƙaramin harsashi marar ƙarfi, da bututun da aka huda don hayaƙi ya fita ta sama ya danne shuri, da mariƙin da ke naɗe hannu, da kunama mai sauƙin gaske. Da irin wannan kaya Ralf Schumann na Jamus ya ci 597 a 1995. Da aka hana su, maki ya sauka a ko'ina, sai a 2013 ɗan ƙasarsu Christian Reitz ya kai 593. Na karɓi wannan hujja hannu biyu. Amma mu karanta ta da kyau. Abubuwa huɗu aka sauya a lokaci guda, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan adadi biyu maki huɗu ce cikin 600. Ga mai neman zinare, maki huɗu duniya ce. Ga wanda harsasansa ke watsuwa kamar an watsa wa kaji tsaba, ba za a ma ga wurinsu ba. Hujar bututu kuma ba ta sa harsashin farko ya fi daidaita, taimakonta shi ne ma'auni ya dawo da wuri don harbi na gaba, a madadin haka ƙara ta ƙaru, walƙiya ta tashi a gaban ido. Schumann ɗin ma, bayan an canza doka, ya ci azurfa a Beijin a 2008.

Za su kuma kawo Manu Bhaker ta Indiya, wadda bindigarta ta lalace ana tsakiyar gasa a Tokyo a 2021, ta yi asarar lokaci, ta kasa kai wa zagayen ƙarshe, sai a Faris ta dawo ta ci tagulla biyu. Gaskiya ne, kayan aiki na iya kayar da gwani. Sai dai abin da wannan ya tabbatar shi ne bindiga ta kasance lafiyayya mai amana, wanda shi ne abin da Browning ya fifita tun farko. Bututun da ya cinye, ko ya yi tsatsa, ko bakinsa ya sami rauni, dole a canza shi, a hannun wanda doka ta ba izini. Wannan magani ne ga marar lafiya, daban yake da yi wa lafiyayye tiyata. Wasu kuma za su ce sabon bututu na ƙara wa mutum ƙwarin gwiwa. Yana iya yi, na mako biyu. Illarsa ita ce ya koya wa maharbi neman laifi a wajen jikinsa, kuma wanda ya saba da haka, duk ranar da harbi ya ƙi, kasuwa zai nufa maimakon fili.

Na shida, haɗari da doka.

Bututu tukunya ce da ake tayar da wuta a cikinta, tazarar ɗan taƙi daga fuskar mutum. Ingila ta san haka tun da daɗewa, shi ya sa majalisarta ta kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham a 1813, kuma a 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa a birnin Liège na Beljiyam don daidaita irin wannan gwaji. A ƙasashen da ke cikinta, ba a sayar da ƙaramar bindiga sai an harba ta da harsashin gwaji wanda ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kusan kashi 30 cikin ɗari, a duba ta, a buga mata hatimi. Idan aka yi wa bututu babban sauyi, hatimin ya faɗi, sai an sake gwaji. Ƙasashen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙera bindiga ba su yarda da idon maƙerinsu kaɗai ba. To ina ga wanda zai ɗauki zarto a bayan shago? Garin gyaran gira ake rasa ido, kuma a wannan fage ido na gaske ake rasawa, da yatsu.

A Najeriya kuwa maganar ba ta ma kai nan ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska ma tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma ƙira ko gyaran bindiga ba tare da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. A ƙasar da ta ga abin da yaɗuwar makamai ya yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba na jin akwai mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan. Waɗanda wannan lacca ta shafa kai tsaye su ne hukumomin da doka ta ɗora wa ɗaukar makami, da masu kula da wasan harbi. Gare su nake miƙa roƙona. Idan kuɗi ya samu, a fara da filin atisaye, da harsasan horo, da malamin da ya san aikinsa, da lokacin da za a ware wa jami'i ya koma fili a kai a kai bayan ya bar makarantar horo. Harsashin da jami'i ya harba ya kauce ba ya ɓacewa a iska, yana sauka a wani wuri, kuma sau da yawa a wurin akwai mai talla ko ɗan makaranta.

Shugaban zama, na ga lokacina ya cika.  Akwai a cikinku waɗanda suka fi ni sanin filin harbi da ƙafafunsu, ina fatan za su fara ɗaga hannu. Mai tambaya, ko gyara, ko ja a kan wata hujja da na kawo, bismillah, fili naku ne.